Aikin Na'ura da Alhakin Mai Haɗa Ta

Daga cikin abubuwan da suka sauya a rayuwar gida a wannan zamani akwai yawaitar ayyukan da ke gudana ba tare da hannun mutum ya taɓa makunni a lokacin gudanarsu ba, kamar injin ruwa da ke tsayawa da kansa idan tanki ya cika, da fitilar ƙofar gida da ke kamawa idan rana ta faɗi, da caja da ke yanke wuta idan batir ya cika. Irin wannan sarrafa kai ya daɗe a masana'antu, sai dai ya ƙara sauƙi ga ɗaiɗaikun masu sha'awar haɗa kayan lantarki tun daga shekarar 2005, lokacin da aka fitar da allon Arduino a garin Ivrea na ƙasar Italiya, wanda 'yar ƙaramar kwamfuta ce da ake rubuta wa umarni ta karanta ma'aunai ta kuma kunna ko ta kashe wasu kayan. Bayan haka kamfanin Espressif na birnin Shanghai ya fitar da guntun ESP8266 a 2014, mai araha kuma mai iya shiga intanet, sannan manhajar Home Assistant, wadda aka fara a 2013, ta ba mutum damar tara na'urorin gidansa duka ƙarƙashin ƙa'idojin da shi ya rubuta. Tambayar da wannan yanayi ya haifar tsohuwa ce a ilimin tauhidi da fiƙihu, ko da yake kayan da suka tayar da ita sababbi ne: idan na'ura ta aikata abu mai ita yana barci ko yana wani gari, aikin na wane ne, kuma wane ɓangare nasa ne ke hawa kan wanda ya haɗa ta?

Cajar batir ita ce misali mafi sauƙi, kuma ta ƙunshi mas'alar gaba ɗaya. Batirin litiyam na yau da kullum, irin mai lamba 18650 da ake cirowa daga tsofaffin batiran kwamfutar hannu, ana cika shi ne a matakai biyu: da farko ana tura masa wuta a ƙayyadadden gudu har ƙarfinsa ya kai bolt 4.2, sannan a tsayar da ƙarfin a nan a bar gudun yana raguwa, har idan ya sauko zuwa kashi ɗaya cikin goma na yadda ya fara a yanke cajin baki ɗaya. Ɗan guntun da ake kira TP4056, wanda masu wannan sha'awa suke yawan amfani da shi, haka yake yi ba tare da kowa ya tsaya a kansa ba. Mai kallo zai ce caja ta ga batir ya cika sai ta tsaya, amma a haƙiƙa babu gani kuma babu zaɓi a cikinta, akwai dai kwatanta ƙarfin wuta da wani adadi da injiniya ya tsayar tun kafin a ƙera batirin da ake cajawa. Hukuncin tsayawa an yanke shi tun da daɗewa, an ajiye shi a cikin dalma da silikon, yana jiran sharaɗinsa ya cika. Duk ƙa'idar da ake rubuta wa na'urar gida tana da wannan siffa ta sharaɗi da jawabinsa, wato idan kaza ya faru a yi kaza, kuma mai rubuta ta yana yanke hukunci ne a kan lokutan da ba zai halarta ba.

Malaman ilimin kalam, wato masu bahasin aƙida da hujjojin hankali, sun yi jayayya a kan irin wannan tun a ƙarni na 9 na Miladiyya. Mu'utazilawa, musamman Bishru ɗan Mu'utamir na Bagadaza, sun yi magana a kan tawalludi, ma'ana aikin da ke haifuwa daga wani aiki, suka jingina wa mutum abin da ya biyo bayan motsinsa, har aka kawo misalin maharbin da ya saki kibiya ya mutu kafin ta isa, sannan ta sami wani. Ash'arawa kuwa sun tsaya a kan cewa Allah ne mahaliccin aiki da sakamakonsa, bawa yana da kasabi ne, wato ɗaukar aikin da nufinsa da ikonsa fararre, kuma Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kafa hujja a littafinsa Tahafutul Falasifa cewa haɗuwar wuta da auduga ba ita ke wajabta ƙonewa ba, al'ada ce da Allah ya gudanar, ra'ayin da Ibn Rushd ya yi wa raddi daga baya. Abin lura ga mai haɗa kayan lantarki shi ne babu ɓangaren da ya ba kibiya ko wuta nufi. Saɓaninsu yana kan yadda sababi ke aiki ne, amma sandararren abu ba ya ɗaukar yabo ko zargi a wurin kowannensu, saboda haka maganar nan da ake yawan ji bayan ɓarna, cewa na'ura ce ta yi, ba ta sauke wa kowa nauyi.

Fiƙihu ya fi kusa da teburin aiki, domin shi ne ya tsara wanda zai biya idan dukiya ta lalace ko rai ya salwanta. Malamai sun raba tsakanin mubashara, wato aikata ɓarna kai tsaye kamar fasa tukunyar wani, da tasabbubi, wato samar da sababin da ɓarnar ta biyo ta kansa kamar haƙa rijiya a kan hanyar jama'a. Malamin Malikiyya Shihabuddin Ƙarafi, wanda ya rasu a Masar a 1285, ya lissafa duka biyun cikin dalilan lamuni, wato wajabcin biyan abin da aka ɓata, a littafinsa Alfuruƙ, kuma Muhtasar na Halil, wanda malaman ƙasar Hausa suka daɗe suna karantarwa, ya ɗora lamuni a kan wanda ya hura wuta ranar iska mai ƙarfi har ta ci dukiyar wani. Mujallar Ahkam ta Daular Usmaniyya, da aka kammala a 1876, ta taƙaita bambancin da cewa mai aikatawa kai tsaye yana biya ko bai yi da gangan ba, mai sababi kuwa sai ya ƙetare haddi. Mai haɗa na'ura kusan kullum mai sababi ne, don haka shari'arsa tana komawa ga tambaya guda, ko ya yi abin da masana sana'ar suka san wajibi ne, ko ya bari.

A nan ne sanin fasaha yake zama ɓangare na sanin hukunci. Wanda ya jera tsofaffin batiran litiyam ya haɗa su ba tare da allon kariya mai lura da ƙarfin kowane ɗaya ba, alhali sananne ne cewa cika su fiye da kima yana sa su yi zafi har zafin ya riƙa ƙara kansa ya kai ga gobara, bai bambanta da mai hura wuta ranar iska ba. Batirin dalma mai bolt 12, irin na mota da na sola, ana kai shi kimanin bolt 14.4 sannan a sauke shi zuwa wajen 13.6 don riƙe cikarsa, kuma idan aka bar shi a sama ruwan cikinsa yana rabewa ya fitar da iskar haidurojin, wadda ke kamawa da wuta idan ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki, saboda haka ajiye shi a rufaffen ɗakin da mutane ke kwana sakaci ne mai hukunci. Mafi nauyi duka shi ne haɗa janareta ko inbata da wayoyin gida ba tare da makunnin canji da ke raba gidan da layin gwamnati ba, abin da ya shafi garuruwanmu kai tsaye saboda yawan ɗauke wuta: wutar gidan tana iya komawa kan layin da ma'aikaci ya hau gyarawa bisa yaƙinin cewa a kashe yake. Mai gidan bai san ma'aikacin ba, bai nufe shi da sharri ba, mai yiwuwa ma ba ya gida a lokacin, amma duk wannan ba ya yanke igiyar da ta haɗa shi da abin da ya faru.

Za a iya cewa wannan tsanani ne, tunda kowane kayan lantarki yana iya lalacewa, kuma babu mai sanin gaibu sai Allah. Amsar ita ce shari'a ba ta nemi mutum ya lamunce cewa komai ba zai lalace ba, ta nemi ya tanadi abin da zai faru idan ya lalace, gwargwadon abin da ma'abota sana'ar suka saba tanada. Fis da ake sawa kusa da bakin batir yana nan ne domin ranar da wayoyi biyu za su haɗu. Rile, wato makunnin da maganaɗisu ke jan sa, ana iya ɗaura shi ta yadda zai saki ya kashe injin ruwa ko abin dumama idan ƙwaƙwalwar na'urar ta mutu, ana kuma iya ɗaura shi ta yadda zai bar su a kunne, kuma zaɓi tsakanin biyun zaɓi ne na ɗabi'a kafin ya zama na fasaha. Haka nan agogon tsaro da ke sake tayar da ƙwaƙwalwar idan ta daskare. Wanda ya yi waɗannan sannan ƙaddara ta afku ya fita daga zargi, wanda kuwa ya bar su don ragin kuɗi ko gaggawa bai da damar fakewa da ƙaddara, domin tawakkali yana zuwa ne bayan riƙo da sababi.

Abin mamaki, kuma shi ne zuciyar mas'alar, shi ne cewa ibada ba ta bin wannan hanya. Haɗa na'urar da za ta yi kiran salla a kan lokaci abu ne mai sauƙi ga duk wanda ya iya Arduino, yana buƙatar agogo mai riƙe lokaci irin DS3231 da jadawalin lokuta da lasifika kawai. Amma Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na tara a Makka a shekarar 1406 ta Hijira, daidai da 1986, ta yanke cewa kiran salla da aka naɗa a kaset ba ya isarwa, dole ladan ya kira da kansa a kowane lokaci, domin kiran ibada ce ta jiki mai buƙatar niyya. Ko tsarin haɗa kiran salla da aka fara a Alƙahira a 2010, wanda shi ma ya jawo muhawara, ya dogara ne da ladan mai rai yana kira a wannan lokaci ana watsa muryarsa zuwa masallatai. To me ya sa alhakin ɓarna yake ratsa na'ura ya sami mai ita bayan watanni, amma niyyar ibada ba ta ratsawa? Dalilin shi ne manufar hukunce-hukuncen biyu ta bambanta. Lamuni an shar'anta shi ne don gyara asarar wani, asarar kuwa tana nan daram ko mai sababi ya halarta ko bai halarta ba. Ibada tsantsa kuwa abin nema a cikinta shi ne bawan da kansa, tsayuwarsa da furucinsa da halartar zuciyarsa a lokacin da aka ɗiba, kuma sautin da ya fito daga lasifika babu mutum a bayansa ya kawo siffar aikin ne ya bar abin da ake nema da shi.

Wannan bai sa na'ura ta zama baƙuwa a harabar ibada ba. Injiniya Aljazari, wanda ya kammala littafinsa na dabarun ƙira a 1206 a fadar Artuƙawa ta Diyarbakir, ya bayyana na'urorin zuba ruwan wanke hannu da alwala, kuma alwalar da aka yi da irin wannan ruwa ingantacciya ce, domin mai alwala shi ke niyya shi ke wanke gaɓɓansa. Agogon da ke tayar da mutum da asuba, da wayar da ke tunatar da shigar lokaci, suna cikin wannan babi na taimako, kuma iyakar tana nan ne inda na'ura ta daina hidima ga mai ibada ta nemi maye gurbinsa. Malaman Yahudawa sun fuskanci tambayar ta fuskar hani, tunda addininsu ya hana kunna wuta ranar Asabar: da yawansu sun halatta agogon da aka saita tun ranar Juma'a ya kunna fitila, bisa cewa aikin mutumin ya ƙare kafin ranar ta shiga, yayin da Rabbi Moshe Feinstein na birnin New York, wanda ya rasu a 1986, ya ƙi faɗaɗa wannan izini zuwa sauran ayyuka don tsoron kada ranar ta zama suna kawai. Damuwarsa ta yi kama da ta majalisar Makka duk da bambancin addini, wato kada dabara ta cika sharuɗɗan zahiri ta kwashe ma'anar umarnin.

Saura wani nau'i da ba ɓarna ba ne kuma ba ibada tsantsa ba, shi ne amfanin da ke gudana ga mutane. Wanda ya haɗa wa masallaci ko unguwa rijiyar burtsatse mai aiki da sola, da makunni mai yawo a kan ruwa da ke tsayar da injin idan tanki ya cika, ya shiga babin sadaka mai gudana, wadda hadisi ya tabbatar ladanta ba ya yankewa da mutuwar mai ita. A nan niyya guda da aka ƙulla ranar kafawa ta wadatar, domin abin nema shi ne ruwan ya isa ga mai ƙishirwa, kamar yadda abin lura a lamuni shi ne asarar da ta isa ga maƙwabci. Sai dai gudanar ladan tana rataye da gudanar amfanin, kuma kayan lantarki suna tsufa: batirin dalma yana rasa ƙarfinsa cikin 'yan shekaru, musamman a ƙasa mai zafi, ƙura tana rage abin da farantin sola ke samarwa, bakin rile yana cinyewa saboda tartsatsi. Saboda haka mai haɗa irin wannan aiki ga jama'a yana da sauran wajibi bayan ranar da aka kunna shi, ya rubuta yadda ya ɗaura wayoyin da adadin da ya saita, ya yi amfani da kayan da ake samu a kasuwar garin, ya kuma koya wa wani daga cikin masu amfani da shi yadda ake kashe shi da hannu da yadda ake sauya abin da ya mutu.