Makullin Sito A Hannunki: Tausayi Ko Amana?

  

Tsadar abinci ta koya wa matan aure da yawa cewa awon kullum a bakin layi, yau mudu ɗaya gobe rabi, shi ne hanya mafi tsada ta ciyar da gida. Shi ya sa a unguwanni da makarantun Islamiyya da wuraren aiki za ki tarar mata sun kafa ƙungiyar gama kai. Kowace ta zuba kasonta, lokacin kaka a je kasuwar hatsi irin ta Dawanau a Kano a saro masara da gero da wake, a ajiye a sito, in bazara ta yi kaya sun hau a riƙa sayar wa mambobi da rangwame. Wannan tsari yana da asali mai kyau a addininmu. Bukhari da Muslim sun ruwaito yadda Manzon Allah (SAW) ya yabi ƙabilar Ash'ariyawa, mutanen Abu Musa (RA), saboda idan abincin iyalansu ya yi ƙaranci sukan tattara abin da ya rage musu a mayafi ɗaya, su raba daidai da mazubi ɗaya. Don jin daɗin wannan hali har ya danganta su ga kansa.

To amma duk inda aka tara dukiya sai an ɗora wasu a kanta. Za a zaɓi kwamitin gudanarwa: shugaba, sakatariya, ma'aji, mai kula da sito da sauransu. A ce ke ce aka zaɓa, 'yar'uwa, aka miƙa miki makulli. Na san ba ki da niyyar cin ko sisin kwabo, kuma yawancin matan da ake zaɓa haka suke. Jarrabawar da ta fi kama mace ta gari a wannan kujera ta wata ƙofa take shigowa, wato ƙofar tausayi.

Ga yadda abin yake zuwa. Bayan sallar isha'i maƙwabciyarki ta yi sallama. Maigidanta ya rasa aiki, yau kwana biyu ba a ɗora tukunya yadda ya kamata ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Maman yara, ki rufa mini asiri da rabin buhu, ƙarshen wata zan biya, don Allah kar kowa ya ji." Dokar ƙungiya kuwa ta ce ba bashi. Makulli yana cikin jakarki. Me za ki yi?

Kada mu yi saurin yanke hukunci, domin zuciyar da ta ce miki "ba ta" tana da hujjoji masu ƙarfi. Addini ya tsananta a kan haƙƙin maƙwabci, ya yi alkawarin cewa wanda ya yaye wa mumini baƙin ciki Allah zai yaye masa nasa ranar ƙiyama, ya kuma kwaɗaitar da rufin asiri. Sannan za ki ce, ai don maganin yunwa aka kafa ƙungiyar, ta yaya hatsi zai kwana a sito yara su kwana da yunwa a bayan katanga? Duk wadda wannan tambaya ba ta taɓa mata zuciya ba, ita ma ba ta cancanci kujerar ba.

Sai dai ki fara tambayar kanki: hatsin na wane ne? A ce ku 40 ne a ƙungiyar, buhu kuma yana cin tiya 40. Kin ga ke nan a kowane buhu tiya ɗaya ce taki, sauran 39 na wasu ne. Cikinsu akwai wadda mijinta ya rasu, da kuɗin ƙuli-ƙuli ta haɗa kasonta. Idan kika fitar da rabin buhu ba da saninsu ba, kin ɗebi rabin tiya daga hannun kowace ɗaya, kin yi alheri da ita da sunanki. Wadda kika taimaka ke za ta gode wa, amma in ta kasa biya su za su yi asara. A shari'a matsayinki na wakiliya ne, wakili kuwa ba ya wuce iyakar abin da aka wakilta shi. Malaman fiƙihu sun bayyana cewa wanda aka ba amana ba ya biyan abin da ya salwanta ba da laifinsa ba, kamar gobara ko fashi, amma idan ya yi sakaci ko ya ƙetare iyakar da aka gindaya masa, to biya ya hau kansa. Kyakkyawar niyya ba ta ɗauke wannan hukunci.

Abu na biyu, wa ke iya ƙwanƙwasa ƙofarki da dare? Wadda ta san ki: maƙwabciya, ƙawa, 'yar'uwar miji. Akwai wata mambar a can ƙarshen unguwa da ta fi wannan shiga matsi, amma ba ta saba da ke ba, ko kuma kunya ba za ta bar ta ta buɗe baki ba. Alƙur'ani ya yi maganar irinsu a Suratul Baƙara, aya ta 273, mabuƙatan da wanda bai sani ba zai ɗauka mawadata ne saboda kamun kansu. Taimakon da ake yi a ɓoye da kayan jama'a sanayya yake bi, buƙata kuwa sai ta zo daga baya. A hankali sai sito ya zama na masu uwa a gindin murhu.

Abu na uku, sirrin kansa. Rabin buhun nan dole ya bayyana a littafi ko ya ɓace daga littafi. In kin rubuta an sayar alhali kuɗi bai shigo ba, kin rubuta ƙarya. In kin yi shiru, ranar ƙidayar kaya za a ga giɓi, zargi ya faɗa kan wadda ba ta ji ba ba ta gani ba. Kuma wadda aka yi wa sau ɗaya za ta gaya wa aminiyarta, gobe ita ma ta zo. Da wane baki za ki ce mata a'a?

Wannan matsala ba a kanmu aka fara ta ba. Ƙungiyar da ake ɗauka a matsayin uwar ƙungiyoyin gama kai na zamani an kafa ta ne a garin Rochdale na ƙasar Ingila a shekarar 1844. Talakawa ne su 28, da yawansu masaƙa, waɗanda suka gaji da 'yan kasuwa masu gauraya gari da alli da tauye mudu. Suka buɗe ɗan shago da fulawa da sukari da man shanu da 'yan kayayyaki kaɗan. Cikin dokokinsu akwai ƙuri'a ɗaya ga kowane mamba, da cika awo, da raba riba gwargwadon sayayyar mutum, da kuma ciniki hannu da hannu, ba bashi. Su da kansu mabuƙata ne, sun san zafin yunwa, amma sun ga yadda bashi ya durƙusar da irin waɗannan shaguna kafin nasu. Sun fahimci cewa in jari ya narke a hannun mutum biyar, sauran duka za su koma hannun mai shagon da suka gudu daga gare shi.

To shi ke nan, sai ki rufe ƙofa ki ce doka ta hana? Haba 'yar'uwa, ba haka ake yi ba. Tausayin yana nan, hanyarsa ce za a gyara.

Hanya ta farko ita ce aljihunki. In kina da hali, sayi tiya biyar ko goma da kuɗinki, ki biya ma'aji, ki karɓi rasit, ki kai wa maƙwabciyarki kyauta ko rance. Nan ne za ki gane gaskiyar tausayinki, domin kyauta da kayan wani ba ta da ciwo. In ba ki da shi, ɗebo daga tukunyarki, ki kuma nema mata a wajen masu zakka da sadaka ba tare da kin tona mata asiri ba.

Hanya ta biyu, wadda ita ce ainihin aikin 'yar kwamiti, ki kai maganar gaban taro ba tare da ambaton suna ba. Ki ce, "Jama'a, a cikinmu akwai masu shiga matsi, me za mu tanada musu?" Sai a amince a ware wani kaso na riba a matsayin asusun agaji, ko a ba da rancen hatsi ba tare da ƙarin ko ƙwaya ɗaya ba, a sa masa iyaka da wa'adi, a ɗora mata biyu ko uku masu riƙe sirri a kansa. Kuma a rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Idan aka yi haka, masu dukiya sun yarda, lada ya game kowa, mai kunya da mai baki duk ƙofa ɗaya za su bi. 'Yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar sun nuna amfanin yin komai a fili. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara da matan karkara a yankin Maraɗi a 1991, ya bazu ƙasashe da dama, kuma an san irin waɗannan ƙungiyoyi da akwati mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku daban-daban, ba a buɗewa sai a gaban taro. Yin haka kariya ce ga mai riƙon kanta, don duk wanda ya zo da dare za ta ce masa da gaskiya, "Ba ni kaɗai ke buɗewa ba."

Wannan magana ta shafi har cikin ɗakinki. Maigida zai iya cewa, "Ara mini kuɗin nan zuwa albashi." Ya cancanci ladabi da biyayya, kuma tun farko sai da shawararsa da yardarsa za ki karɓi aikin, amma kuɗin ƙungiya ba naki ba ne balle ki ara masa. Mafita ita ce kada kuɗi ya kwana a gida: a buɗe asusun banki da sa hannun mutum biyu ko uku. Haka kuma in ɗan'uwanki dillalin hatsi ne, faɗa wa kwamiti tun kafin a yi ciniki, ki janye daga yanke shawarar. In dillali ya ƙaro miki 'yan tiyoyi ya ce na Hajiya ne, tuna da Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo ya ware wani abu a matsayin kyautar da aka yi masa. Manzon Allah (SAW) ya hau mimbari ya nuna cewa da a gidan iyayensa ya zauna da ba wanda zai kawo masa. Gyaran da aka yi saboda sarin ƙungiya na ƙungiya ne. In aikin yana cin lokacinki da kuɗin mota, nemi a yanka miki alawus a fili. Sayyidina Abubakar (RA) ma da ya zama halifa sahabbai sun yanka masa abin da zai riƙe iyalinsa daga baitulmali.

Akwai kuma tausayin da ke zuwa da rigar kunya. Ma'aji babbar mace ce, ta haife ki, lissafi bai fito ba, kowa ta yi shiru. Ki sani shirunki ba zai fitar da ke ba, domin don ki duba aka zaɓe ki. Tambaya cikin ladabi ba cin fuska ba ce, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mafi kyau a mayar da karanta lissafi al'adar kowane wata, tun ana zaman lafiya, yadda ba wadda za ta ji an yi don ita.

Wata za ta ce, in haka nauyin yake gara in ƙi karɓa. Lallai Manzon Allah (SAW) ya hana Abu Zarri (RA) muƙami, ya gaya masa yana da rauni, kuma muƙami amana ne da zai zama nadama a lahira ga wanda bai sauke haƙƙinsa ba. Amma a Suratu Yusuf, aya ta 55, Annabi Yusuf (AS) da kansa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasar Masar, ya ambaci siffofi biyu: tsare amana da sanin aiki. Da waɗannan biyun za ki auna kanki. In kin san ba za ki iya cewa a'a ga wadda kike ƙauna ba, ko lissafi yana ba ki wuya kuma ba ki shirya koyo ba, ba da uzuri tun wuri, ba abin kunya ba ne. In kuwa kina da su, gudunki zai bar makullin a hannun wadda ba ta da su, kuma abincin gidaje 40 ne a ciki.

Allah Ya ba mu ikon sauke amanar da aka ɗora mana, Ya sa albarka a abin da muke ciyar da iyalanmu, Ya rufa mana asiri duniya da lahira.