Hukuncin Gina Ɗakin Ɓuya A Ƙarƙashin Ƙasa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Mai rayawa Mai kashewa, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a Amurka da Turai akwai kamfanonin da sana'arsu ita ce ƙera ɗakunan ɓuya saboda tsoron yaƙin nukiliya. Mutum zai biya kuɗi, a kawo masa ƙaton ɗaki na ƙarfe a kan babbar mota, a haƙa rami a bayan gidansa a zura shi, a mai da ƙasa a binne. Ana yi masa ƙofa mai kauri, da ƙaramar mafita ta biyu ko da ɓaraguzai sun toshe ta farko, da injin tace iska wanda ake juyawa da hannu idan wuta ta ɗauke. Ƙasar da ke bisansa ita ke tare gubar ƙurar bam, kuma da yake ƙarfin gubar yana raguwa da sauri, akan tanadi ruwa da abinci na kamar mako biyu.

To, mene ne hukuncin Musulmin da ya sayi irin wannan ɗaki? Asalinsa halal ne, domin riƙo ne da sababi. Manzon Allah (S.A.W.) ya ɓuya a kogon Sauru kwana uku a hanyar Hijira, ya sa sulke biyu ranar Uhudu, kuma a shekara ta 5 bayan Hijira ya karɓi shawarar Salmanul Farisi aka haƙa gwalalo don kare Madina. Duk wanda ya ce fakewa rashin tawakkali ne, to, bai karanta Sira ba.

Sai dai kada zuciya ta dogara ga ƙarfe. Aya ta 78 ta Suratun Nisa'i ta nuna cewa ganuwa, kome ƙarfinta, ba ta tsare ajali. A ranar 13 ga Fabrairu 1991 jiragen Amurka suka jefa bam biyu a kan maɓoyar Amiriyya a Bagadaza, mutum fiye da 400 suka halaka a ciki, yawancinsu mata da yara, a wurin da suka shiga don neman tsira. Haka kuma ba ya halatta a ci bashi da ruwa don wannan gini.

Babbar mas'ala tana bakin ƙofa. A shekarar 1961, lokacin rikicin Balin, Shugaba Kennedy ya ja hankalin Amurkawa ga tanadin maɓoya, nan da nan gardama ta tashi: idan maƙwabci ya ƙwanƙwasa, a buɗe masa ko a hana shi? Har wani limamin Katolika, L. C. McHugh, ya rubuta cewa mai ɗaki yana da damar korar maƙwabcinsa da ƙarfi. Wasu kuwa bindiga suka ajiye tare da gwangwanayen abinci.

Shari'a ba ta bar wannan ga son zuciya ba. Gaskiya ne mutum da iyalinsa ake farawa, kuma idan iskar ɗaki ta mutum shida ce, ba a wajabta masa ya shigar da ashirin su mutu gaba ɗaya ba. Amma abin da ya yi rara ba nasa ba ne shi kaɗai a ranar larura. Malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shaihu Halil, sun ɗora lamuni a kan wanda ya hana matsattse rarar abinci ko ruwa har ya mutu. Idan haka ne game da moɗa guda ta ruwa, ina ga wurin kwanciya da babu kowa a kai, alhali ɗan maƙwabci yana kuka a waje? Annabi (S.A.W.) ya yabi Ash'ariyawa ne saboda idan guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai. Gwalalon Madina ma ba gidan mutum ɗaya ya kare ba. Mai shi da marar shi duk sun haƙa, duk sun fake.

Abin lura, wasu ƙasashen da ba na Musulmi ba sun fi kusa da wannan. Suwizalan ta kafa doka tun 1963, har ta kai tana da wurin fakewa ga kusan kowane mazauninta. Maɓoyun Helsinki, babban birnin Finlan, suna iya ɗaukar mutum wajen 900,000, fiye da yawan mutanen birnin, kuma a lokacin zaman lafiya wasunsu wuraren wasanni ne da ajiye motoci.

Saboda haka mai niyyar saye ya yi wannan lissafi kafin a fara haƙa. Ya ƙidaya iyalinsa da barorinsa, ya dubi tsohuwa da marayun da ke jikin katangarsa, sa'an nan ya zaɓi girman ɗaki da ƙarfin injin iska gwargwadon ikonsa. Idan 'yan unguwa za su iya haɗa kuɗi su gina guda babba, wannan ya fi. Wallahu a'alam.