Bangon Mai Gida, Idon Kowa: Wa Ke Da Alhakin Adon Birni?

A ranar 3 ga watan Satumba na shekarar 2024, bayan ruwan sama mai yawa da aka yi ta tafkawa a daminar shekarar, tsohon masallacin unguwar Birni da ke Damagaram ya rushe. Gini ne na ƙasa wanda ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19, ya ga sarakuna, ya ga shigowar Nasara a 1899, ya ga ficewarsu. Labarin rushewarsa ya ratsa ƙasar Nijar har ya tsallaka iyaka, mutanen da ba su taɓa yin salla a cikinsa ba suka yi juyayi kamar an yi musu rasuwa. Wannan juyayi shi ne ya haifi tambayar da muke son mu tattauna a nan. Idan har kyakkyawan gini na kowa ne ranar da ya faɗi, to na wane ne a shekarun da yake tsagewa sannu a hankali?

Malamin makarantar da ya ɗebi ɗalibansa daga Matameye ko Kance ya kai su Damagaram yawon buɗe ido, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba, wurare iri uku yakan nuna musu. Akwai bangaye masu zane a lungunan Birni da Zango, akwai filayen taro kamar ƙofar fada da filin kokowa, akwai kuma gidan adana kayan tarihi. Yaran sukan dawo da murna, gani ya kori ji. Sai dai kowane ɗaya daga cikin wuraren nan uku yana ɗauke da darasi dabam a kan dangantakar mai kallo da abin da yake kallo, kuma ya kamata mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da bango. Abin lura game da zanen gidan Bahaushe shi ne mafi yawansa a fuskar zaure yake, yana duban hanya. Mai gida da ya kira magini, ya biya kuɗin tubali da azara, ya sa aka yi yaɓe da makuba ta ɓawon ɗorawa, aka fitar da dagi, aka tsayar da zankaye a bisa soro, da ya shige cikin gida ba ya ganin komai daga abin da ya biya. Mai tallar fura ce ke gani, da almajiri, da baƙon da ya zo cin kasuwa. Gaskiya ne akwai nuna arziki a cikin lamarin, domin attajiran Zango da fataucin Sahara ya ɗaukaka ba su ƙi a san matsayinsu ba. Amma ko mene ne nufin mai gida, sakamakon ɗaya ne: ado ya fita daga hannun mutum guda ya zama rabon duk mai ido. Babu ƙofa, babu mai gadi, babu kuɗin shiga. Wannan wata irin kyauta ce da ba a faye lissafa ta cikin alheri ba.

To amma kyautar tana da tsada, kuma tsadar ba ta ƙarewa. Ginin ƙasa ba a gama shi sau ɗaya. Kowace damina tana cin rabonta, kowane rani sai an sake yaɓe, an duba indararo, an toshe tsaga, don an san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Jikan attajirin nan na da, wanda yau wataƙila ɗan kabu-kabu ne ko ƙaramin ma'aikaci, shi ya gāji wannan nauyi ba tare da ya gāji dukiyar da ta haife shi ba. Ranar da ya gaji ya rushe soron ya sa bulo da kwano, mu masu ilimi mukan kaɗa kai mu ce an watsar da al'ada. Ya kamata mu yi hattara da wannan hukunci. Da yawa daga cikin masu kukan nan a gidan siminti suke kwana. Ba adalci ba ne mu nemi talaka ya kwana da fargabar rufi a watan Agusta don idonmu ya sami abin sha'awa sau ɗaya a shekara. Mutum ba kayan tarihi ba ne, kuma gidansa mazauni ne kafin ya zama abin kallo.

Filin taro yana koyar da wani abu dabam. Ƙofar fadar Sarkin Damagaram, in ba ranar hawan salla ba, fili ne kawai mai rairayi. Filin kokowa, in an gama gasar takobi, sai iska da awaki. Abin da ke mai da su wurare masu daraja shi ne jama'ar da ke cika su: mahaya, makaɗa, ƴan kokowa, masu wasan kara, da dubban ƴan kallo. A nan mai kallo yana cikin abin kallon, in ya ƙi zuwa wasan ya mutu. Bikin 18 ga Disamba na 2018, wanda aka yi wa laƙabi da Zinder Sabuwa, ya bar wa birnin sababbin gine-gine da hanyoyi, amma ma'aunin kowane zauren taro, sabo ko tsoho, shi ne sau nawa yake cika bayan an naɗe tabarmar biki. Darasin fili ke nan: akwai gadon da ba a iya riƙe shi sai da halarta.

Sai gidan tarihi, wanda shi ne baƙo a cikin ukun, domin tsarinsa daga Turai ya zo mana. Amfaninsa ba abin musu ba ne. Sirdi da sulke da akushi da tsohuwar riga, da an bar su a ɗaki da gara ta cinye, ko dillali ya saye da araha. Mun ga abin da ya sami kayan yumɓun Bura, waɗanda aka gano a yammacin Nijar a 1975, masu haƙa ta ɓarauniyar hanya suka yi ta fitar da su zuwa kasuwannin waje. Rahoton da Felwine Sarr da Bénédicte Savoy suka miƙa wa gwamnatin Faransa a 2018 ya ƙiyasta kayan Afirka ta kudu da Sahara kimanin 90,000 a gidajen tarihin gwamnatin ƙasar, kuma a 2021 aka mayar wa Jamhuriyar Benin guda 26. Neman a dawo da irin waɗannan kaya haƙƙi ne. Amma gidan tarihi yana da iyaka. Yana iya ajiye takobi, ba ya iya ajiye maƙeri. Yana iya rataye hoton zanen soro, ba ya iya rataye hannun da ya san daidai lokacin da laka ta yi taurin da za a fitar da dagi a jikinta. Ranar da magini na ƙarshe ya kwanta dama ba tare da ya koya wa kowa ba, duk hotunan duniya ba za su ta da soro ɗaya ba.

Waɗanda suka kafa gidan tarihin ƙasa na Yamai a 1959, wanda yau yake ɗauke da sunan Bubu Hama, da alama sun hango wannan. Sun gina rumfunansa da salon adon Hausa, kuma sun ba masu sana'ar hannu wuri a cikin harabarsa, maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa suna aiki a gaban baƙi. A Kano ma, Gidan Makama ginin kansa shi ne babban abin da ake nunawa, kuma yana nan ne saboda ana gyara shi. Misali mafi ƙarfi yana Jenne ta ƙasar Mali, inda babban masallacin da aka gina a 1907 yake tsaye har yau domin mutanen gari sun mai da yaɓensa bikin gayya, maza na cuɗa laka, mata na ɗebo ruwa, samari na hawa. Can an haɗa darussan nan uku wuri guda: bango, da taro, da adana.

Daga nan amsar tambayarmu take fitowa. Wanda ya ci moriyar abu, yana da rabo a ɗawainiyarsa. Idan adon bango na kowa ne a kallo, to wani kaso na gyaransa bashi ne a kan kowa. Tsohon birnin Damagaram ya shiga jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa hukumar UNESCO tun 2006, Agadas kuwa ta sami shiga jerin gadon duniya a 2013. Wannan abin so ne, amma takarda ba ta yaɓe. Kuma biyan bashin ya haɗa da faɗin gaskiya, domin garun Birni da manyan sorayen zamanin Sarki Tanimun ba su tashi ba sai da gumin talakawa da bayi, waɗanda ba a rubuta sunansu a ko'ina ba. Yaron da aka nuna wa fada ya cancanci a gaya masa wanda ya ɗauki lakar.

Mu a Matameye da kewaye ba mu da hujjar cewa wannan lamari na manyan birane ne. A garuruwanmu akwai tsofaffin zaure, akwai rumbuna, akwai magina da suka tsufa ba su da ɗan koyo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma gayya ba baƙuwa ba ce a gare mu, da ita samariya ta gina azuzuwan makaranta a zamanin Seyni Kunce. Ƙungiyar raya al'adu tana iya zaɓen zaure ɗaya a unguwa, da yardar masu shi, ta ɗauki nauyin yaɓensa kafin damina. Malami yana iya gayyato tsohon magini cikin aji, ya ba shi kujerar malami, a biya shi ladan lokacinsa, yara su sa hannu a laka. Katangar makaranta da take tsaye fayau tana iya ɗaukar dagi da zanen da ɗaliban suka ƙirƙiro da kansu, don sana'ar da ba ta karɓar sabon abu ta kama hanyar kabari. Ko magabata ma sun sa keke da agogo a bangayen Zariya da suka ga zamani ya kawo su.

Saboda haka, idan malami ya tsai da ɗalibansa a gaban wani soro mai zane, bayan ya gaya musu shekarunsa da sunan sarkin zamanin, ya ƙara musu da tambaya guda: wa ya yaɓe shi bara, kuma wa zai yaɓe shi baɗi?