Kwalbar da ta yi ɗumi

An yi wani mai gyaran firji a Jos, mutum ne da in ya ga abu sai ya san cikinsa. Wata rana da hunturu aka kira shi aiki gidan wani Alhaji, sai ya hango dogayen kwalabe jere a kan rufi, da tanki a samansu. Alhaji ya ce daga ƙasar Sin aka kawo su, kuma ko da asuba ruwan na ƙona hannu.

Mai firji ya hau ya duba. Ashe gilashi biyu ne, ɗaya cikin ɗaya, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu, irin dabarar filas ɗin shayi. Na ciki baƙi ne, yana shan rana, zafin kuma ya rasa iskar da za ta fitar da shi. Ya taɓa na waje da tsakar rana, ya ji shi da sanyi.

Ya koma shago ya tara dogayen kwalabe. Ya zura wa kowace bututun jan ƙarfe da ya shafa wa baƙin fenti, ya toshe baki da gam, ya zuƙe iskar da tsohon kwamfiresan firji. Kwana biyu ruwa na tururi, unguwa ta ɗauka.

Sai ga wata Hajiya mai ɗan asibitin haihuwa. Ta ce kuɗin gawayi ya ishe ta, ga masu jego na bukatar ruwan zafi safe da yamma. Ta yi cinikin kwalba 20, ta ce gobe za ta kawo kuɗi.

Bayan ta tafi, mai firji ya kai bayan hannunsa jikin kwalbar farko. Ya ji ɗumi. Ya taɓa ta biyu, haka. Ya zauna ya yi shiru, don ya san ma'anarsa: kwamfiresa bai kwashe iskar duka ba, gam kuma yana barin wata tana komawa sannu a hankali. Na masana'anta da wuta ake narkar da bakinsu a rufe.

Yaronsa ya ce, "Oga, ai ba za ta gane ba sai bayan wata guda. A ce hazo ne ya rufe rana."

Mai firji ya ce, "Da ma hazon zai zo."

"To ka gani."

Daren nan bai yi barci ba. Ga kuɗin haya, ga na makaranta. Ga kuma wata mai jego da bai sani ba, za ta buɗe famfo da asubar Janairu.

Da Hajiya ta zo, ya kama kwalba ya miƙa mata. "Hajiya, taɓa nan. Ɗumin da kika ji, zafin ruwanki ne ke gudu. Waɗannan ba za su kai ki ba. Amma zan iya ƙera miki akwatin katako, da baƙin kwano da bututu a ciki, da gilashin taga a sama. Bai kai na Alhaji zafi ba, amma in ya lalace ni zan gyara."

Hajiya ta dube shi ta ce, "To nawa ne shi akwatin?"

Ya faɗi rabin kuɗin jiya. Ta nemi ragi, ya rage mata. Yaron ya kwashe kwalaben ya kai bayan shago yana ƙunƙuni, mai firji ya kira shi ya ce ya je kasuwar Katako ya sayo allo huɗu.