Nasiha ga Ɗalibi, Jarrabawa ga Na'ura

Tun bayan fitowar ChatGPT a watan Nuwamban 2022, malaman da ke duba rahoton binciken ɗaliban ajin ƙarshe a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ke fuskantar tambayar da tushenta na addini ne: idan kuskure ya shigo rahoto ta hanyar ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar da ke harhaɗa amsa daga ɗimbin rubutun da aka horar da ita a kansa, wa za a yi wa gyara, kuma alhakin na wuyan wa?

Malaman hadisi sun gindaya wa mai ruwaya sharuɗɗa biyu, adala, wato tsoron Allah da ke hana shi ƙarya, da kiyayewa, wato isar da abin da ya ji ba ragi ba ƙari. Na'ura ba ta da rabo a na farko, domin ba ta da niyya kuma shari'a ba ta hau kanta ba, amma na biyu yana gwaduwa. Ana ruwaito cewa malaman Bagadaza sun cuɗanya isnadin hadisai 100, wato jerin masu ruwayarsu, don su jarraba Imam Bukhari, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, shi kuwa ya mayar da kowane matani, wato lafazin hadisin, ga isnadinsa. Hikimar wannan gwaji ita ce masu tambayar sun riga sun san amsar. Saboda haka malamin da ke Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru zai fi gane matsayin manhajar idan ya tambaye ta game da irin waken SAMPEA ko masarar SAMMAZ da cibiyar ta fitar, ya nemi madogararta, sannan ya bi sawun kowace maƙala a Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim, domin sanannen aibin waɗannan manhajoji shi ne ƙago sunan marubuci da shekara da shafi ga aikin da babu shi.

Hukuncin ɗalibi daban ne, tun da shi ya sa hannu cewa aikin nasa ne, kuma wanda ya kwafi madogarar da bai buɗe ba ya yi ruwaya daga wanda bai sani ba. Haƙƙinsa a kan malami shi ne nasiha, wadda babban malami Ibn Rajab ya keɓe wa risala don rarrabe ta da aibatawa. Jan biro da ya soke shafi guda ba tare da bayyana dalili ba bai sauke wannan nauyi ba. Wajibi ne a nuna jimlar da ta gurgunce da hujjar da ta ɓace, a keɓe, tun kafin ɗalibi ya kashe kuɗin iyayensa wajen bugawa da ɗinke rahoton a shagunan Samaru ko na Sabon Gari. Kurakuran manhajar kuwa a bainar jama'a ya kamata a karanta su, a cikin aji da gaban kwamitin sashe, domin ba ta da mutuncin da za a ce an ci namansa, kuma bayyana su ya shiga babin faɗin aibin haja ga mai saye.