Wa Ke Cin Ganuwa?

A unguwarmu, daf da Ƙofar Na'isa, akwai wani tsoho da kan fita da asuba da jakinsa, ya ɗebo ƙasar ganuwa ya yaɓe ɗakinsa kafin damina ta faɗi. Mu 'yan boko muna kiransa maɓarnaci. To amma, ya kai mai karatu, shin mun yi masa adalci?

Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu (1095-1134) shi ya fara ginin ganuwa, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499). Talakawa suka ɗora ta da guminsu domin ta tsare su daga mahara. Da Turawa suka ci Kano a 1903, wannan aiki nata ya ƙare. Saboda haka tsohon yana iya cewa, kakanninsa suka tara ƙasar, don me ba za ta tsare shi daga ruwa ba?

Hujja ce mai nauyi, amma ba ta wanke shi ba. Ganuwa gado ce, kuma akwai rabon waɗanda ba a haifa ba a cikinta. Cin rabonsu daidai yake da cin dukiyar maraya.

Sai dai fa tsoho mangala guda yake ɗiba, mai hali kuwa katafila yake kawowa ya share, ya kafa kantuna. Wanda ya tsawata wa na farko ya yi gum ga na biyu, ba kishin tarihi gare shi ba, raina talaka ya yi. In har za mu hana tsoho, sai mu fara yi masa gayyar yaɓe. Allah ya sa mu gane.