Hular Ƴanci a Kan Tamma

Kafin Italiya ta karɓi kuɗin yuro a 2002, wasu ƙwandalolinta na lira suna ɗauke da gumakan Romawan dā. A kan lira 100 akwai Minerva, gunkiyar hikima, tana tsaye kusa da itacen zaitun. A kan lira 50 kuwa Vulcan ne, gunkin maƙera, yana dukan uwar maƙera. Masu tara tsofaffin kuɗi suna sayensu yau don kyawun zanen. Amma tambayar da ta fi kyau nauyi ita ce: shin hukuma na da ikon buga wa kuɗinta alamar da aikinta bai gaskata ba?

Tambayar ta taɓa isa kasuwar Matameye. A 1948 Faransa ta buga wa ƙasashenta na Afirka ta Yamma ƙwandalar tamma ɗaya da ta tamma biyu. A baya kan barewa ne. A gaba kuwa Mariyan, macen da ke wakiltar Jamhuriyar Faransa, sanye da hular ƴanci. Ma'anar hular daga Roma ta fito, inda akan ɗora wa bawa hula ranar da aka ƴanta shi, har ta zama alamar gunkiyarsu Libertas. Manomin gyaɗa da ya karɓi wannan tamma ya riƙe ƴanci a tafin hannunsa, alhali shekara biyu kacal da hana aikin tilas, kuma ƙasarsa ba ta sami mulkin kai ba sai 1960.

Wani zai ce zane ado ne kawai, mai saye da mai sayarwa lissafi suke dubawa. Gaskiya ne. Sai dai kuɗi amana ne: ƙarfen bai kai darajar da aka rubuta masa ba, yardar jama'a ce ke cika gibin. Wanda ya nemi yardar mutane da sunan ƴanci ya ɗauki bashi, ko da masu bin bashin ba su karanta takardar ba.

Sefar yau tana ɗauke da kifi mai baki kamar zarto, siffar ma'aunin zinariya na mutanen Akan, wato alamar awo na gaskiya. Malamin da ya aza dala a kan teburin aji yana iya tambayar ɗalibansa ko an cika wannan alkawari.